Kazar da Na Jira a Ƙasar Wales

Ni Ishaya, wanda ko tari na yi a tashar Kafanchan sai an amsa mini daga kasuwar Zangon Kataf, ranar da na sauka a Landan ko ƙuda bai waiwayo ya dube ni ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayana Yakubu, dattijon ikilisiya a Fadan Kaje, shi ya aike ni. 'Yarsa Rifkatu nas ce a wani asibiti a ƙasar Wales, ta aiko cewa ta sami miji, Bature, ɗan manoma, wai shi Gareth. Yaya ya ce ba zai sa albarka ba sai wani namu ya ga gidan da idonsa, ita kuma ta ce ba za ta yi aure babu albarkar ubanta ba. Ciwon ƙafa ya hana shi tafiya, sai abin ya faɗo kaina.

"Ka je ka ga yadda za su karɓe ka," in ji shi. "Yadda suka karɓe ka, haka za su riƙe ta. In ka ce e, na ce e. In ka ce a'a, magana ta mutu. Kuma kada ka gaya mata abin da kake dubawa."

Ka ga ke nan auren yarinya a bakina na ɗauko shi.

A filin jirgi suka fara da kilishina. Wani jami'i ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ya jefa a kwando. Citta da acca da yaji ya bar mini. Na fito ina neman tashar jirgin ƙasa, domin Rifkatu tana bakin aiki, takarda kawai ta aiko mini mai kwatance. Sai ga wani baƙin mutum kamata ya tare ni da fara'a, ya ce da ganin hulata ya san ɗan gida ne. Ya riƙe mini jaka, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar tare muka yi kiwo. Ya sayar mini da layin waya, ya ce da shi ko sama na kira za a ɗauka. Har yau layin nan yana cikin aljihun jakata, bai taɓa kiran ko maƙwabci ba.

Ubana ma'aikacin reluwe ne, a gefen dogo aka haife ni, saboda haka na shiga jirgin ƙasa da gadarar ɗan gado. Babu wanda ya yi magana a taragon. Mutum kusan hamsin, shiru kamar ana jarrabawa. Na gai da na kusa da ni, ya ƙara riƙe jakarsa. Wata tsohuwa ce a gefen taga ta ga ina ta dannar waya ina tsaki, ta miƙo mini tata ba tare da na roƙa ba, na kira Rifkatu. Ta raba burodinta biyu ta ba ni rabi. Da barci ya kwashe ni, ita ta taɓa ni a tashar da zan canza jirgi, ta kai ni har ƙofar ɗayan, sannan ta koma nata da gudu. Ban tambayi sunanta ba, abin yana damuna har yanzu.

Jirgi na biyu ƙarami ne, ya dinga kutsawa cikin duwatsu. Ruwan sama ba ya zuba a can, tsayawa yake yi a iska yana jiran ka shigo cikinsa. Tumaki kuwa, na rantse in an raba wa mutanen Kudancin Kaduna ɗaya ɗaya sai an yi saura. Sannan abin da ya fi ruɗa ni: na yi shekaru ina koyar da Turanci a firamare, amma allunan tasha na kasa karanta su, mutanen da suka shigo kuma suna wani yare da ko kalma ɗaya ban kama ba. Na ɗauka jirgi ya wuce da ni wata ƙasa. Ashe su ma kamar mu suke, Turanci na kasuwa ne, a gida yarensu suke yi, yadda muke Hausa a kasuwa mu koma Jju a tsakar gida.

Rifkatu da Gareth suka tarbe ni da wata mota da laka ta rufe har ba a san launinta ba. Yaron dogo ne, mai kunya, ya rusuna ya ce "Sannu da zuwa, Baba" da Hausar da aka koya masa jiya. Na ce to, wannan ya ci maki ɗaya.

Gidan na dutse ne, shi kaɗai a gindin tudu. Yana da ƙofar gaba mai kyau, da furanni dama da hagu. Na gyara babbar rigata na nufe ta. Sai Gareth ya ja jakata ya zagaya baya. Ta ƙofar baya aka shigar da ni, ta cikin tarin takalman roba da rigunan ruwa, kai tsaye zuwa kicin. Ni, ƙanen uban yarinya, a kicin! Na haɗiye, na rubuta a zuciya.

Uban, Baba Emrys, ya miƙo mini hannu mai kaushi kamar ƙotar fartanya, ya ce, "Ka iso." Iyakar jawabin maraba ke nan. Uwar, Mama Megan, gajeriya mai yawan magana, ta ɗora shayi. Kafin in zauna wata karya baƙa da fari ta zo ta shinshine ni daga takalmi har aljihu, kamar ita ce mai duba fasfo. Sunanta Nel. Tana da katifarta a gindin murhu, wurin da ya fi ko'ina ɗumi a gidan. A garinmu kare yana kwana a waje yana gadi, abin da ya rage a kwano shi ne nasa. Nan kuwa sai da aka zuba mata abinci kafin a zuba mini.

Amma da na leƙa ta taga sai hankalina ya kwanta. Kaji goma sha huɗu a tsakar gida, kowace ta kai girman talotalo. Na ce a raina, to, mutanen nan sun shirya.

Bari in yi bayani saboda 'yan birni. A wurinmu in baƙo mai nauyi ya zo, balle suruki, kafin ya gama shan ruwa zai ji ana bin kaza a bayan ɗaki. Kukan kazar nan shi ne gaisuwar gaskiya, sauran duk baki ne. A kawo masa ita cikakkiya, da ƙundu a sama, don ya san shi aka yanka wa. Gidan da yake da kaji, baƙo ya kwana bai ji kukan ko ɗaya ba, an gaya masa magana ke nan ba tare da an buɗe baki ba.

Na zauna na kasa kunne. Shiru. Sai na ga Mama Megan ta shigo da nama a leda, daskararre kamar bulo, ta jefa a tanda. Naman firji! Aka kawo shi babu barkono, da dankalin Turawa da wata koriyar miya mai ƙanshin man goge baki. Gaskiya naman ya yi laushi, na ci na ƙara, amma ci daban, girmamawa daban.

Da yamma Yaya ya kira ta wayar Rifkatu. Na fita waje da ita.

"Ishaya, ka sauka lafiya? Suna da kaji?"

"Goma sha huɗu, Yaya."

"An yanka?"

"Tukuna. Wataƙila sun ga na gaji."

"Hmm," in ji shi. Wanda ya san Yaya ya san wannan hmm ɗin.

Washegari Rifkatu ta koma aiki a gari, ta bar mini tsohuwar wayarta. Da sassafe Baba Emrys ya ajiye takalman roba a gabana, ya ce, "Tudu." Baƙo a garinmu ko tsintsiya ya taɓa sai an ƙwace. Ni aka ba ni bokiti. Muka hau tudun nan har sai da na ga kakannina suna ɗaga mini hannu. A can sama ya sa yatsu a baki ya yi fito, Nel ta tashi kamar harsashi. Fito ɗaya ta yi dama, fito biyu ta kwanta, wani fiton ta tattaro tumaki ɗari ta zuba su ta ƙofa ɗaya. Na koyar da aji shida shekara da shekaru, ban taɓa samun ɗalibi mai jin magana kamar karyar nan ba. Na gwada nawa fiton, ta dube ni, ta dubi maigidanta, ta zauna.

Muka dawo. Naman leda.

Ƙauyen kansa gida ashirin ne da kanti ɗaya. Ka yi tafiyar rabin awa ba ka gamu da wanda za ka ce wa ina kwana ba. Babu hayaƙin girki, babu daka, babu rediyon maƙwabci. Ƙwai kuwa, a akwati ake ajiye shi a bakin hanya babu mai tsaro, mai so ya ɗauka ya bar kuɗin da ya kamata. Na tsaya kusa da akwatin nan minti ashirin ina neman inda mai shi ya ɓuya. Kewar gida ta kama ni har warin kwatar bayan kasuwarmu na yi marmari.

Ranar Lahadi muka je sujada. Mutum tara na ƙirga, har da ni da mai bugun molo. Na ce yau za a yi waƙa kamar kukan sauro. Da suka buɗe baki sai da rufin ya motsa. Kuma muryar waƙar tamu ce, wadda uwata take yi tana tankaɗe, sai dai kalmomin nasu ne. Na bi su da Hausa. Ban san hawaye na zuba ba sai da Mama Megan ta tura mini hankici ba tare da ta dube ni ba. Na ce a raina, mutanen nan ba mugaye ba ne. To me ya hana su yanka kaza?

Na yi tsammanin Lahadi ce ranar. Muka dawo, naman leda, wannan karon cinya guda.

"An yanka?" in ji Yaya.

"Yaya, suna ba ni nama kullum."

"Na kanti?"

"Daga firji dai yake fitowa."

"Ishaya, ko maƙiyinka ya zo za ka iya saya masa naman kanti. Kaji goma sha huɗu suna yawo a gabanka. Kuma ta ina ka ce sun shigar da kai?"

"Ta baya."

"To ka fara shirya abin da za ka gaya wa yarinyar."

Ranar ban iya cin abincin yamma da kyau ba, sau biyu kawai na ƙara. Ina son yaron. Na ga yadda Rifkatu take yi wa Baba Emrys faɗa in ya fita babu rigar sanyi, shi kuma ya koma ya saka kamar ɗan makaranta. Amma ga kaji nan da ransu.

Ran Laraba na ce bari in taimaka musu, wataƙila mantuwa ce. Mama Megan tana watsa musu hatsi, na nuna wata ja mai faɗin ƙirji, na ce, "Wannan ta yi kyau. Ta cika sosai."

Fuskarta ta haskaka. Ta ce sunanta Blodwen. Ta shiga jero mini sunayen sauran, kowace da nata, har da halinta: wannan mafaɗaciya ce, waccan ba ta son ruwan sama. Ban kawo komai a raina ba, mu ma muna cewa ja, baƙa, mai wake-wake, don a san wadda za a kama. Sai ta sunkuya ta ɗauki Blodwen, ta sa mini ita a hannu biyu, ta ɗauke mu hoto.

Na kusa yin rawa. A wurinmu in uwar gida ta ɗauki kaza mai rai ta sa a hannun baƙo, magana ɗaya ce. Mace ba ta yanka, maigida kuma kullum yana kan tudu. Ashe jira suke in zaɓa! Na ji kunyar zargin da na yi musu.

Ran Alhamis da safe, Mama Megan tana sama tana gyaran ɗakuna, na ɗora ruwa a wuta. Na ɗauki wuƙar kicin na wasa ta a dutsen bakin ƙofa har tana aske gashin hannu. Na kama Blodwen, ba ta ma gudu ba, da kanta ta zo. Na kai ta bayan rumbun ciyawa, na taka fukafukai da ƙafa ɗaya, ƙafafu da ɗaya, na fara fige gashin wuya. Nel ta tsaya a gabana tana haushi kamar ta ga ɓarawo. Na ce, "Ke ma za ki sami ƙashi, yi haƙuri." Ta juya da gudu.

Na ɗaga wuƙa ke nan na ji an ƙwalla ihu.

"Baba Ƙarami! Yesu! Me kake yi?"

Rifkatu ce, da kayan aiki a jikinta, saukarta ke nan daga mota, karyar tana jan gefen rigarta.

"Me nake yi kuma? Kawo mini ruwan zafin nan."

"Ɗaga ƙafarka! Don Allah ɗaga ƙafarka!"

Na ɗaga. Kazar ta tashi da wuya a fige tana kururuwa. Sai ga Mama Megan. Ta dubi wuƙa, ta dube ni, fuskarta ta yi fari fat, ita da take fara dama. Ta rungumi kazar ta shige gida.

Rifkatu ta zauna a kan damin ciyawa ta fashe da kuka. "Ka kashe mini aure, Baba Ƙarami. Kajin nan ba na ci ba ne. Daga gidan gonar da za a zubar da su Mama Megan ta karɓo su, ko gashi babu a jikinsu, ita ta yi jinyarsu. Blodwen har riga ta saƙa mata."

"Riga? Kaza?"

"Riga!"

Raina ya ɓaci, na manta da gargaɗin Yaya. "To ni fa? Kwana shida ina gidan nan, ta ƙofar baya aka shigar da ni, aka ba ni bokiti, ana ba ni naman kanti, ko ɗan tsako ba a yanka mini ba. Ubanki yana tambaya kullum. Me zan ce masa? In ce an saƙa wa kaza riga?"

Ta daina kuka, ta buɗe baki tana kallona. "Abin da aka aiko ka dubawa ke nan?"

Baba Emrys ya sauko daga tudu tun ɗazu, yana tsaye yana jinmu. Ya tambaye ta abin da na ce. Ta fassara masa duka, ba ta rage ko bokitin ba. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya ce, "Zo."

Ya kai ni wani ɗaki a gefen gareji, ya buɗe wani dogon firji mai kama da akwatin gawa. Ledojin nama ne a jere, sun ragu sosai.

"Ragona ne," in ji shi. "Wanda ya fi kowanne a garken bana. Shi na so in kai gasar dabbobi. Da Rifkatu ta ce ƙanen ubanta zai zo, na kai shi mayanka. Mu can ake yanka mana."

Na dubi ledojin. Na dubi cikina.

"Rago guda? Saboda ni?"

"Ka kusa cinye shi."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Ana faɗa ne?"

Rifkatu ta ce daga bayanmu, "A nan in ka faɗa, ka yi fahariya. Ƙofar gaba kuma, Baba Ƙarami, ta baƙin da ba a sani ba ce. Rabon da a buɗe ta tun ranar da aka fitar da gawar kakar Gareth. 'Yan gida ta baya suke shiga."

Ni dai na tsaya da wuƙa a hannu, ban san ko dariya zan yi ko in shiga firjin in rufe kaina ba. Wato ana girmama ka a ɓoye, a bar ka ka gano da kanka, in ba ka gano ba shi ke nan. Har yau ban gama fahimtar wannan tsari ba.

Saura babban aiki. Na ajiye wuƙa na shiga kicin. Mama Megan tana zaune gindin murhu, kazar a cinyarta, tana shafa mata wani mai a wuya. Na cire hula na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara kamar an karya rake. Na ba ta haƙuri da duk Turancin da na tara a duniya. Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba. To, na ba mutane haƙuri a rayuwata, har da hedimasta da surukata, amma ranar ce na fara ba kaza. Blodwen ta juya mini ƙeya.

Rifkatu ta yi wa Mama Megan bayanin al'adarmu. Sai matar nan ta dafe baki. "Wato kwana shida kana zaune a gidana kana ganin mun wulaƙanta ka?" Idonta ya kawo ruwa. Ta shiga ba ni haƙuri, ina ba ta, tana ba ni, har Baba Emrys ya gaji ya ɗora shayi da kansa.

Ban jira yamma ba. A nan kicin na kira Yaya, na buɗe murya kowa ya ji.

"An yanka?"

"Yaya, ba kaza ba. Rago. Babban ragon garke."

"Ka ga jinin?"

"Ban gani ba."

"Ka ji kukansa?"

"Tun kafin in zo aka yanka. Shi nake ci tun ranar da na sauka."

"Kana cin ragonka kwana shida ba ka sani ba? Ishaya, kai aka aika ko cikinka?"

"Tare muka zo, Yaya."

"Kajin fa?"

"Ba a cin su. Suna da suna. Ɗaya ma tana da riga."

Na duba ko waya ta yanke. Rifkatu ta riƙe gefen tebur. Gareth, da ya shigo da laka har gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon fuskokinmu don ya gane abin da ake ciki.

"Ni ban gane mutanen nan ba," in ji Yaya.

"Ni ma da nake cikinsu ban gane ba."

"To me ka ce?"

Na dubi yarinyar. Hannun Mama Megan ɗaya yana kan kaza, ɗayan yana kan kafaɗarta.

"Na ce e, Yaya."

Ya ja numfashi. "Ba ni Rifkatu."

Ta durƙusa a kan daɓen kicin da wayar a hannu, ta jawo Gareth ya durƙusa kusa da ita. Yaya ya fara addu'a da Jju, ya koma Hausa, ya sake komawa Jju, ya ambaci kakanni har na bakwai. Baba Emrys ya cire hula. Shayi ya huce. Da muka ce amin, Rifkatu tana share hawaye, sai Yaya ya ce a mayar masa da ni.

"Ka gaya musu su zo Fadan Kaje su ga gida, ƙofa ɗaya gare mu," in ji shi. "Amma ka ce wa matar ta shirya zuciyarta tun daga can. Kajina ba su da suna."